Gawayin ɓawon gyaɗa zai iya gyara ruwan rijiyar gidanmu?

Baban_Nana_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka karanci kimiyyar sinadarai a cikinmu. 'Yata ta fari tana ajin ƙarshe a jami'a, kuma aikin kammala karatunta a kan gawayi ne. Ta sa an tara mata ɓawon gyaɗa buhu guda, ta ƙona, ta jiƙa a wani sinadari, ta sake gasawa, wai da shi za ta tsotse gubar dalma daga cikin ruwa. Shekaranjiya ta nuna mini sakamakon, ta ce ya kama mafi yawan dalmar da ta zuba. Na yi murna ƙwarai. Sai na ce to Nana, ga rijiyar gidanmu nan, duk damina ruwanta ja wur, ki haɗa mana wannan abu mu huta da sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ba haka abin yake ba." Ta yi mini bayani amma zuciyata ba ta kwanta ba. Idan abu ya yi aiki a ɗakin gwaji, me zai hana shi aiki a randa? Kuma shekara da shekaru muna jin an yi bincike kan zogale, an yi kan gawayi, an yi kan farar laka. Ina duk suke zuwa?

Hajiya_Gangare:
Wa alaikumus salam. Malam, ka nemi alif kawai. Tun muna yara da shi iyayenmu suke kwantar da ruwa. A jefa ɗan gutsure a bokiti, a juya, a cire shi, a bar ruwan ya kwanta. Kafin a gama shara ruwan ya yi garau.

Malama_Sinadarai:
Baban Nana, Allah ya yi wa yarinya albarka, kuma gaskiya ta faɗa maka. Bari in ƙara a kan nata.

Dattin ruwa ba iri ɗaya ba ne, kowanne da maganinsa. Akwai laka da ke yawo a ciki, ita ce ke sa ruwanka ja. Akwai ƙwayoyin cuta masu kawo amai da gudawa da taifot, ido ba ya ganinsu. Akwai kuma abin da ya narke a ruwa kamar yadda gishiri ke narkewa, irin su dalma da fuloraid da naitiret. Gawayin Nana na wannan kashi na ukun ne, shi ma ba dukkansa ba. Damuwar rijiyarka kuwa, daga yadda ka kwatanta, laka ce da ƙwayoyin cuta. Ka ga maganin ciwon kai ne a hannunta, kai kuma ciki ke damunka.

Sannan ruwan da ta gwada ba na rijiya ba ne. Tataccen ruwa ta ɗauka wanda babu komai a cikinsa, ta auna gishirin dalma ta zuba da hannunta, ta daidaita tsaminsa, ta girgiza shi da gawayin a 'yar kwalba. A can dalma ce kaɗai ke neman wurin zama a jikin gawayi. A ruwan rijiya akwai kalsiyam, akwai ƙarfe, akwai ruɓaɓɓen ganye, kowa na rububin wuri ɗaya, ga laka tana toshe ƙofofin.

Baban_Nana_Rikkos:
Na gode Malama. To waɗanne ƙofofi kuma? Ni gawayi na gani baƙi ƙirin kamar wanda muke gashin masara da shi.

Malama_Sinadarai:
A ido ɗaya suke, a ciki kuwa sun sha bamban. Sinadarin da ta jiƙa shi, yawanci asid ɗin fosforik ne, shi ke cin cikin ɓawon yayin da ake gasa shi a zafin da ya kai digiri 400 zuwa 600, ya bar ramuka ƙanana ƙwarai da ko madubin likita na gama-gari ba ya nunawa. Wasu masana'antu tururi suke amfani da shi a zafin digiri 800 ko sama da haka. Idan aikin ya yi kyau, giram ɗaya tak na wannan gawayi, da za a shimfiɗe bangon ramukansa, zai iya kai murabba'in mita 1,000. Wato wajen fuloti biyu na hamsin da ɗari. A jikin wannan bango ne datti ke maƙalewa. Gawayin murhu yana da ramuka, amma bai kama ƙafar wannan ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata kowa ya riƙe: gawayi yana ƙoshi. Idan ramukan suka cika ya daina kamawa, kuma launin ruwan ba zai sanar da kai ba.

DanKuza_Bukuru:
Wannan magana ta ƙoshi ita ce ta fi ba ni tsoro. Mutum ya saki jiki yana sha alhali abin ya daɗe da daina aiki.

Maman_Tagwaye:
Ni dai zogale nake amfani da shi, kuma ban ga abin da ya fi shi ba. Ina ɓare busassun 'ya'yan, in daka su lukwi, in dama da ruwa kaɗan, in zuba a bokiti in yi ta juyawa. Kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya idan ruwan ya yi kauri sosai. Bayan awa guda laka duk ta kwanta. Ba sinadari, ba komai, abin da Allah ya halitta. @Hajiya_Gangare alif ɗin nan yana sa ruwa tsami, yarana ba sa sonsa.

Hajiya_Gangare:
Yawa kike sa masa ƙanwata. Ba a barin dunƙulen a ciki. Juyawa ake yi da shi sau kaɗan a cire.

Injiniya_Shen:
Ku biyun kuna da gaskiya, kuma aiki ɗaya alif da zogale suke yi. Na yi shekaru ina aikin tace ruwa kafin in yi ritaya, bari in faɗi yadda abin yake. 'Yan ƙananan ɓurɓushin laka duk suna ɗauke da caji iri ɗaya, saboda haka suna ture juna, shi ya sa ba sa haɗuwa su nutse ko ruwan ya kwana. Alif gishirin alminiyom ne. Idan ya shiga ruwa yana kashe wannan cajin, ya zama wani abu mai yauƙi kamar kumfar auduga, ya tattaro lakar su yi nauyi su kwanta. A cikin ƙwayar zogale kuma akwai wani furotin mai kishiyar cajin laka, shi ma haka yake tara ta. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna yi da ruwan Nilu kafin masu bincike su rubuta shi, kuma a shekarun 1990 masana daga Jami'ar Lesta ta Ingila sun gwada shi a matatar ruwa ta garin Thyolo a Malawi.

Tsamin da Maman Tagwaye ta ji gaskiya ne, alif yana ƙara wa ruwa tsami. A matata ba a zuba shi da ka. Ana jera kofuna shida na ruwan ranar, a sa wa kowanne alif gwargwado daban, a ga wanda ya fi kwanciya, sannan a ƙara farar hodar laim a daidaita tsamin. Ruwan Agusta da na Janairu ba sa cin alif daidai.

Amma Maman Tagwaye, ga inda zan ja kunne. Zogale yana barin wani ɓangare na kansa a cikin ruwan, kuma wannan abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Idan ruwan ya kwana ya wuni zai fara wari, ƙwayoyin su ninka. A yi wanda za a sha a ranar. Kuma ko alif ko zogale, ba su gama aiki ba sai an tafasa ko an sa kulorin.

Maman_Tagwaye:
Ikon Allah. Wallahi na sha jin wannan warin a randa bayan kwana biyu, na ɗauka randar ce ba ta wanku ba. Na gode Baba Injiniya.

Abba_Lab:
Ni tambaya ta biyu ta Baban Nana zan amsa, wato ina binciken yake zuwa. Shekara tara ina aikin kula da ɗakin gwaji, kuma abin yana ci mini rai. Duk shekara ɗalibai suna zuwa da ɓawon gyaɗa, ɓawon kwakwa, totuwar masara, ƙaiƙayin shinkafa, ƙwallon mangwaro, ƙwallon goruba. Tsarin aikin ɗaya ne. A ƙona, a jiƙa, a girgiza da shuɗin rini ko gishirin dalma, a zana layin Langmuir da na Freundlich, wato lissafin yawan dattin da gawayin ke iya kamawa, a rubuta cewa wannan abu yana da arha kuma zai taimaki talaka. A yi masa bango mai kauri a ajiye a kanta. Badi wani ya zo da wani ɓawon. Lissafin Langmuir ɗin nan tun 1918 yake, ba sabon abu muke ganowa ba.

Abin da ba a yi shi ne mataki na gaba. A cika bututu da gawayin, a bi da ainihin ruwan rafin Dilimi ta ciki har wata uku, ana aunawa kullum, a san ranar da ya ƙoshi. A lissafa kuɗin asid da na wuta da na wankewa, a ga ko ya fi wanda ake shigowa da shi sauƙi. A faɗi inda za a zubar da shi bayan ya sha dalma. Wannan aikin ne zai kai ga randar Baban Nana, kuma shi ne babu mai ɗaukar nauyinsa.

Dalibi_Aji4:
Yallaɓai @Abba_Lab, da girmamawa, ana ɗora mana laifin da ba namu ba. Wata huɗu ake ba mu. Da kuɗin iyayenmu muke sayen sinadarai. Na'urar auna ƙarafa da ake kira AAS, ni da kaina sai da na kai samfurina wata jiha aka auna, na biya kuɗin mota da na kowane samfuri, na jira mako uku. Wa zai iya auna ruwa kullum har wata uku a haka? Kuma aikin digirin farko koyon hannu ne. Kafinta ma da benci yake farawa.

Abba_Lab:
Ƙanena, ban ɗora muku ba, ina ganin wahalarku da idona. Da manya nake. Malami ɗaya zai iya raba aiki ɗaya ga ɗalibai biyar a jere cikin shekara biyar, kowa ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Ba ya buƙatar ƙarin kuɗi, tsari yake buƙata.

Malama_Sinadarai:
Na yarda da rabin maganarka Abba. Ɗaya rabin kuma, ka san da me ake auna malami in za a ƙara masa girma: yawan takardun da ya wallafa. Gwajin kwalba yana ba da takarda cikin wata shida. Gwajin bututu a unguwa yana cin shekara biyu, kuma zai iya ƙarewa da sakamakon cewa abin bai yi ba. Mai iyali zai zaɓi na farko. Ban ce daidai ba ne, amma haka muke ciki, kuma ni ma ina cikin masu wannan zaɓi wani lokaci, abin yana damuna.

MaiLambu_Bisichi:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu nan da ruwan tafkunan kuza muke ban-ruwa da rani, kabeji da karas da latas da tumatir, kuma a Farin Gada ake sauke mafi yawa. Kullum sai mu ji an ce ruwan nan akwai guba. Wasu sun zo sun ɗebi ruwa a kwalabe, sun ɗebi ƙasa da ganye, har hoto muka yi da su. Yau shekara uku ko saƙo ba su aiko ba. In akwai guba a faɗa mana, in babu a faɗa mana.

DanKuza_Bukuru:
Wannan ita ce maganar. Kakana a haƙar kuza ya zo Jos daga ƙasar Kano, mahaifina ma a nan ya yi aiki har kamfanoni suka watse. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙa a nan, kuma a shekarun 1950 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da ma'adinin kwalambait a duniya. Ramukan da suka bari su ne tafkunan Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Abin da na sani daga bakin masu aikin shi ne, ita kuza kanta ba ita ce abin tsoro ba. Baƙin yashin da ake zubarwa bayan an wanke ta, shi ne ke ɗauke da ma'adinan monazait da zirkon, kuma monazait yana da toriyam mai fitar da tururin nukiliya. Mutane suna kwasar wannan yashi suna yaɓe da shi, yara suna wasa a kai.

Malama_Sinadarai:
Haka ne Ɗan Kuza. Malam mai lambu, amsar gaskiya ita ce tafki ya bambanta da tafki. Wani ruwan sama ne kawai ya taru a rami shekara sittin, wani yana kusa da inda ake wankin ma'adini har yau, wani kuma kwatar gari ce ke malala cikinsa. Ba a yanke wa duka hukunci ɗaya, sai an auna naka. Latas da kabeji da ake ci ɗanye, ni ƙwayoyin cuta ne farkon abin da zan duba kafin ƙarafa. Waɗanda suka ɗebi samfuri ba su dawo ba kuwa, sun ci amanarku. Sakamakon haƙƙinku ne, da Hausa, a takarda ɗaya.

Ummu_Sadiq:
Ni fa duk ruwan da na yi shakka tafasa shi nake yi. Ba shi ke nan ba?

Likita_Garki:
Ga ƙwayoyin cuta, shi ke nan Hajiya. Ya tafasa sosai yana ɓulɓula na minti ɗaya. A Jos da ke sama da teku da wajen mita 1,200 ruwa yana tafasa a kusan digiri 96 maimakon 100, amma wannan zafin ya wadatar. Sai dai tafasa ba ta fitar da dalma ko fuloraid ko naitiret. Ruwa ne ke tashi ya bar su, ma'ana ƙara musu kauri ake yi.

Tunda aikin Nana a kan dalma ne, kada kowa ya raina shi. Mu tuna Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega. Yara kusan 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Maganin da aka ba yaran, wanda ake kira saksima, masu haɗa sinadarai ne suka ƙera shi: yana da hannaye biyu na salfa da ke cafke dalma a jini su fita tare ta fitsari. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa dalma a ruwan sha maikurogiram 10 ce a lita, kuma ta ce babu wani adadi a jinin yaro da za a kira lafiya lau.

Hajiya_Gangare:
Innalillahi. To Dakta, tukwanen dalma da muke girkin biki da su fa? Su ma dalmar ce?

Likita_Garki:
Tambaya mai kyau Hajiya. Sunan ne ya haɗa su. Tukunyar da muke kira ta dalma, asalinta alminiyom ce. Matsalar ita ce da tarkacen ƙarafa ake zubinta, tsofaffin sassan injin mota da makamantansu, kuma a cikin tarkacen akan samu ainihin dalma mai guba. An yi bincike a Kamaru a 2014 kan irin waɗannan tukwane, aka ga da yawa suna sakin dalma idan an dafa abu mai tsami. Ban ce a zubar da su gobe ba, amma kada a bar miyar tumatir ko tsamiya ko zoɓo ta kwana a ciki.

Talatu_Langtang:
Sannunku duka. An ambaci fuloraid sau biyu an wuce, ni kuwa shi ne rayuwata. Duk wanda ya san Langtang ya san haƙoranmu. Nawa ruwan ƙasa-ƙasa ne tun ina firamare. Da na zo karatu Jos har tambayata ake yi ko goro nake ci. Ruwan garinmu garau yake, ba laka, ba wari, daga dutse yake ɗauko abin. Ba na son 'ya'yan ƙannena su taso haka. Alif ko zogale ko gawayin Nana, akwai wanda zai yi mana?

Malama_Sinadarai:
'Yar uwa Talatu, sannu. Labarinki shi ne babbar shaida cewa hasken ruwa ba ya nuna lafiyarsa. Iyakar fuloraid miligiram 1.5 ce a lita. Kaɗan yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma in ya wuce yana ɓata haƙoran da ke tsirowa a yarinta, in ya yi yawa sosai har ƙashi yake taɓawa. Mutanen Kaltungo a Gombe ma suna fama da shi.

Zogale ba zai yi ba, gawayin ɓawo ma ba ya kama shi sosai. Abu biyu aka jarraba a ƙasashe masu irin matsalarku. A Indiya akwai dabarar Nalgonda, alif mai yawa tare da laim, amma tana son awo daidai kuma tana barin laka mai yawa. Na biyun shi ne gawayin ƙashi. A ƙona ƙashin shanu a wurin da iska ba ta shiga sosai, a farfasa shi kamar tsakuwa, a cika bokiti, ruwa ya bi ta ciki. Ma'adinin da ke cikin ƙashi irin na haƙori ne, saboda haka fuloraid ɗin da zai kama haƙorin yaro sai ya kama ƙashin bokiti. A yankin Nakuru na Kenya an yi shekaru ana amfani da shi a gidaje da makarantu. Ga mayanka a Jos, ga ƙashi ana tarawa. Wannan aiki ne da ya dace da Filato ƙwarai. Kafin nan, a tara wa ƙananan yara ruwan sama na sha da damina, a tafasa, domin shi ba shi da fuloraid ɗin dutse.

Malam_Unguwar_Rogo:
Malama, a nan sai an kula da wane ƙashi. Idan na shanun da aka yanka ne, ban ga abin da zai hana Musulmi sha ba. Amma mutane za su tambaya, kuma suna da haƙƙin su sani. Duk mai son kawo wannan abu unguwanninmu ya fara zama da malamai da limaman coci tun kafin ya kunna wuta, kada a gama wahala jama'a su ƙi.

Talatu_Langtang:
Na gode Malama, na gode Malam. Ruwan sama kam za mu fara bana da yardar Allah.

Mai_Magani_Idu:
Ina karantawa daga Abuja. Kukan @Abba_Lab bai tsaya a ruwa ba. Mu a harkar magani, kusan duk sinadarin da ke aiki a cikin ƙwaya daga Indiya da Sin ake kawo shi, mu nan gaurayawa da bugawa muke yi. Farasitamol ɗalibin aji uku yana haɗa shi a ɗakin gwaji da rana ɗaya, amma haɗa tan-tan mai tsabta iri ɗaya kullum wani ilimi ne daban, yana son wuta marar yankewa da masana'antar da za ta ba ka kayan farko.

Kada dai a ce ba a taɓa yin komai ba. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke nan Idu ta fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirran gida a zamanin Farfesa Charles Wambebe. Akwai cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda a Kwali, akwai NARICT mai binciken fasahar sinadarai a Zariya, akwai RMRDC mai kula da albarkatun masana'antu, ku kuma a Jos kuna da cibiyar binciken ƙarafa. Gine-gine da masana akwai su. Gadar da za ta haɗa su da mai kuɗin da zai kafa masana'anta ce ta yi ƙaranci.

Kuma mutanen Jos sun fi kowa sanin muhimmancin awo. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jos bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol a maimakon furofilin gilaikol. Duka biyun ruwa ne mai kauri, marar launi, mai ɗan zaƙi. Ɗaya ana sha, ɗaya yana kashe ƙoda. Bayan shekara uku aka kafa NAFDAC.

Ummu_Sadiq:
Allah ya jiƙansu. Ina 'yar budurwa lokacin, na tuna yadda iyaye suka firgita da duk wani maganin ruwa.

Injiniya_Shen:
Amin. Misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alif ɗin da Hajiya ta fara ambata. Ana iya yinsa daga farar lakar kawolin: a gasa ta a wajen digiri 700, a dafa da asid ɗin salfurik, irin na ruwan batir amma mai ƙarfi, a tace, a bari ya daskare. Kawolin kuwa ga shi a Filato, ga shi a Alkaleri ta Bauchi, ga shi a Ƙanƙara ta Katsina, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana bincike a kansa. Amma na sha ganin lokacin da muke zaune muna jiran motar alif daga nesa, ruwa cike da dam, ba halin tacewa. Matatar ruwa mai saye ce da ba ta yankewa, kullum tana buƙata. Da gwamnatocin jihohi uku za su yi alkawarin saye na shekara goma, da an samu mai kafa masana'antar.

Dalibi_Aji4:
Baba Injiniya, kawolin namu yana da ƙarfe a ciki, alif ɗin yakan fito ja-ja. Cire ƙarfen ne ke ƙara tsada. Wani abokina a kansa yake aiki yanzu.

Injiniya_Shen:
Madalla ɗana, to wannan shi ne bincike. Ka ce masa kuma ga tace ruwa ɗan ƙarfe ba aibu ba ne, gishirin ƙarfe ma ana kwantar da laka da shi. Masu yin takarda ne ke neman fari tas.

Anti_Naraguta:
Ba wanda ya ambaci tukunyar ƙasa. Akwai matata da ake yi da yumɓu a gauraya da garin katako ko ƙaiƙayi. In an gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, ruwa ya riƙa ɗiga a hankali cikin bokiti mai murfi. Wani masani a Gwatamala, Fernando Mazariegos, ya fito da ita a 1981, kuma ana shafa mata ruwan azurfa don ta ƙara kashe ƙwayoyin cuta. Mu da muke da magina tun kaka da kakanni, har hoton Ladi Kwali ke bayan naira ashirin, me zai hana masu sinadarai su zauna da magina su daidaita gwargwadon yumɓu da zafin wuta?

Abba_Lab:
Anti, zai yiwu sosai. Wuyarta ita ce kowace tukunya sai an gwada saurin ɗigarta. Mai saurin zuba tana da tsaga, ƙwayoyin cuta za su wuce. Wannan awon magini zai iya koya cikin mako guda.

Baban_Nana_Rikkos:
Jama'a na gode, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Na karanta wa Nana duka, ta ce a gaida Malama da Yallaɓai Abba. Amma har yanzu ina tsaye a bakin rijiyata. A taƙaice, gobe da safe me zan yi?

Injiniya_Shen:
Malam, fara da duba tazarar rijiyar da shadda, taka da ta maƙwabta. Mita 30 ake so, na kuma san a Rikkos da wuya a samu. Jan ruwa da damina alama ce ruwan sama yana shiga ta baki ko ta tsagar bango, to a ɗaga bakin, a yi daɓen siminti kewaye, a sa murfi, guga ɗaya a rataye ba a ajiye shi ƙasa. Na sha kuma: a kwantar da alif ko zogale, a tsiyaye na sama, a tace da farin ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa ko a sa kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Kada a sa kulorin a ruwa mai laka. Lakar tana cinye shi, kuma tun 1974 aka gano cewa yana haɗuwa da ruɓaɓɓen ganye ya haifar da wasu sinadarai da ba a so.

Likita_Garki:
In ƙara ɗaya. In akwai jariri a gidan da ake dama wa madara, a kai ruwan a auna naitiret. Rijiyar da ke kusa da shadda takan tara shi, iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma duk matakan da Injiniya ya lissafa ba sa fitar da shi.

Maman_Tagwaye:
To ruwan 'yan garuwa da fiya wata da muke saye fa, wa ya auna mana su?

Malama_Sinadarai:
Baban Nana, ka ce wa Nana ta ɗebi ruwan rijiyar gida kwalba biyu, ɗaya yanzu ɗaya a tsakiyar rani, ta roƙi malaminta ya bari ta sa su cikin samfuranta. In babu dalma kun samu kwanciyar hankali, in akwai ta gwada gawayinta a kai ta ga bambancinsa da tataccen ruwa. @MaiLambu_Bisichi ina da ɗalibai biyu da ba su zaɓi aiki ba tukuna. In kun amince za mu zo, kuma ni da kaina zan dawo muku da sakamakon.

MaiLambu_Bisichi:
Mun amince Malama. Ku zo ranar da ba ta kasuwa ba, da safe kafin mu tayar da injin ban-ruwa, lokacin ruwan bai gurɓace ba. Tafki uku ne muke ja, ɗayan yana kusa da inda yara ke wankin kuza, shi nake so a fara dubawa.